Sarakunan Girkawa da Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi kan Rikicin da Ya Haifar da Tawayen Makabiyawa

Kafin a shiga tambayoyi, ga wani abu da kan rikita mai karatu. Duk shekarun da za a ambata a nan kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, sai inda aka faɗi saɓanin haka. Lissafinsu baya-baya yake tafiya, wato shekara ta 200 ta riga ta 167 zuwa, ita kuma ta 167 ta riga ta 164. Birnin da ake ta ja-in-ja a kansa shi ne Ƙudus, wanda wasu ke kira Urushalima, yankin da ke kewaye da shi kuma Yahudiya. Makabiyawa kuwa wani gidan firistocin Yahudawa ne da ya jagoranci tawaye a kan sarakunan Girkawa.

Su wane ne waɗannan sarakunan, kuma me ya kawo Girkawa ƙasar Sham?

Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, shi ya kawo su. Ya karya rundunar Farisa a Issus a shekara ta 333, ya gangaro ta gaɓar teku, ya yi wa birnin Taya ƙawanya na wata bakwai, ya ci Gaza, ya shige Masar. Shekara goma bayan Issus ya mutu a Babila yana da shekara 32, bai bar magajin da ya isa ya riƙe abin da ya tara ba. Sai manyan kwamandojinsa suka yi wa daular rabon nama.

Biyu daga cikinsu ne suka shafi labarinmu. Talomi ya ɗauki Masar, ya zauna a Iskandariya. Salukas ya ɗauki Babila da Siriya da ƙasashen gabas, ya gina birnin Antakiya wajen shekara ta 300. Ƙasar Yahudawa ta faɗo daidai tsakaninsu, a kan hanyar da duk wata runduna za ta bi in za ta Masar ko in ta fito daga can. Gidajen nan biyu sun gwabza manyan yaƙoƙi shida a kan wannan zirin ƙasa.

Iskandar ɗin nan shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi?

Wasu masu tafsiri na da sun haɗa su, musamman ganin cewa bayan mutuwarsa an riƙa buga hotonsa a kuɗi da ƙahon rago a kansa. Wasu manyan malamai, irin su Ibn Kasir, sun raba su, domin Iskandar na Makidoniya mai bautar gumaka ne, har ya je dausayin Siwa a hamadar Masar inda aka kira shi ɗan gunkin Ammon. Wannan fage ne na malaman tafsiri. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na tarihi, ɗan sarki Filibus, ɗalibin Aristotal.

Shi da kansa ya yaƙi Yahudawa?

A'a. Ƙudus ta miƙa wuya ba tare da an zare takobi ba. Akwai labarin da marubucin tarihi Yusufus ya kawo, cewa Iskandar ya zo birnin, ya ga babban firist cikin kayan ibada ya rusuna masa, amma yawancin masana na ɗaukar sa a matsayin almara. Mutanen Samariya ne suka ɗanɗana kuɗarsu, bayan sun ƙona gwamnan da ya naɗa musu da ransa.

Yaya zaman Yahudawa ya kasance a ƙarƙashin sarakunan Masar?

Wajen shekara ɗari suka yi a hannun gidan Talomi, daga kusan 301 zuwa 200, kuma in aka auna da abin da ya biyo baya, zaman lafiya ne. Sarki yana son haraji, ba ruwansa da abin da mutum ke bauta wa. Babban firist na Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus, shi ne shugaban jama'a, shi ke tsakaninsu da fada. Tara haraji kuwa gwanjonsa ake yi, wanda ya taya da tsoka shi ke samu, ya je ya tatso da riba. Wani gida mai suna gidan Tobiya ya kuɗance ta wannan hanya, ɗansu Yusufu ya riƙe harajin yankin shekara 22.

A wannan zamani ne Yahudawa suka cika Iskandariya, har 'ya'yansu suka tashi ba sa jin Ibrananci sosai. Shi ya sa aka fassara Attaura zuwa Girkanci a zamanin Talomi na Biyu. Labarin da ake bayarwa ya ce dattawa 72 ne suka yi aikin, daga nan fassarar ta samu sunanta na “ta saba'in”. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Yahudanci da Girkanci ba wuta da auduga ba ne tun asali. An yi fiye da shekara 150 ana cuɗanya kafin a ji kansu.

Ta yaya ƙasar ta koma hannun gidan Salukas?

Antiyokus na Uku ne ya ƙwace ta, amma sai a karo na biyu. Karon farko, a shekara ta 217, ya sha kashi a Rafiya, wato Rafah ta yau da ke kan iyakar Gaza da Masar, duk da ya zo da giwayen Indiya 102, shi kuma Talomi na Huɗu yana da na Afirka 73. Wajen shekara ta 200 ya rama a Paniyum, kusa da mafarin Kogin Urdun.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Yahudawan Ƙudus sun taya shi korar sojojin Masar daga birnin, shi kuma ya saka musu da alheri. Ya ba su takardar izinin rayuwa bisa dokokin kakanninsu, ya yafe wa mazauna birnin harajin shekara uku, ya ɗauke wa firistoci da dattawa wasu haraji, ya kuma ba da gudummawar kayan hadaya. Uban wanda zai zo ya haramta addinin ke nan.

To daga ina matsalar ta ɓullo?

Daga bashi. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi komai bayyana wannan rikici, shi zan zaɓa.

Antiyokus na Uku ya tsokano Rumawa, suka lallasa shi a Magnesiya a shekara ta 190. A yarjejeniyar Apameya ta 188 suka ɗora masa tarar talanti 15,000 na azurfa. Talanti ɗaya ya kai kimanin kilo 26, ka ga ana maganar azurfa kusan tan 390 ke nan, mafi yawanta a biya cikin shekara 12. Suka karɓe masa ƙasashen yammacin Asiya Ƙarama, suka kuma tafi da ƙaramin ɗansa Rum a matsayin garkuwa. A wancan zamani gidajen bauta su ne bankuna, can ake ajiye dukiyar gumaka da ta jama'a. Shekara ɗaya bayan yarjejeniyar aka kashe sarkin a ƙasar Elam yana ƙoƙarin kwashe dukiyar wani gidan gunki.

Ɗansa Salukas na Huɗu ya gaji sarauta, ya gaji bashi. Ana cikin haka sai wani jami'in Haikali mai suna Siman ya saɓa da babban firist Oniyas na Uku a kan wa zai kula da kasuwar birni. Da ya ga ba zai yi nasara ba, sai ya kai tsegumi wurin gwamna cewa Haikali cike yake da kuɗin da ba a san adadinsu ba. Sarki ya turo wazirinsa Heliyodorus ya kwaso. Oniyas ya ce kuɗin ajiyar zawarawa da marayu ne. Littafin Makabiyawa na Biyu ya ce wani mahayi mai sulken zinariya ya bayyana aka yi wa wazirin bulala har sai da aka ɗauke shi ranga-ranga. Ko me ya faru, ya koma hannu rabbana. Sai dai an riga an nuna wa kura inda aka rataye nama, kuma ɗan gida ne ya nuna mata.

Da gaske ne an sayar da muƙamin babban firist?

Har sau biyu. A shekara ta 175 Heliyodorus ya kashe ubangidansa, sai wannan ɗan da ya yi zaman garkuwa a Rum ya dawo ya haye gadon sarauta da sunan Antiyokus na Huɗu. Nan da nan ƙanin Oniyas, wanda sunansa na yanka Yeshuwa ne amma ya zaɓi a kira shi Yason irin na Girkawa, ya je ya yi tayin talanti 440 in aka tuɓe wansa aka naɗa shi. Ya ƙara da 150 in aka ba shi izinin gina gidan motsa jiki irin na Girkawa da kuma yi wa wasu mutanen Ƙudus rajista a matsayin “'yan Antakiya”. Sarki mai neman kuɗi ido rufe, me zai ce?

Bayan shekara uku Yason ya aiki wani Menelawus, ɗan'uwan Siman mai tsegumi, ya kai wa sarki kuɗin. Ɗan aike ya isa fada, ya ɗora talanti 300 a kan na ubangidansa, ya dawo da rawani a kansa. Yason dai ko ba komai ɗan gidan sarautar ne. Menelawus kuwa ba ya cikin zuriyar da ta saba riƙe muƙamin. Kuma ba shi da kuɗin da ya yi alkawari, sai ya shiga sayar da kwanukan zinariya na Haikali. Da tsohon babban firist Oniyas ya tona masa asiri, sai aka yaudare shi ya fito daga inda ya fake a Dafne kusa da Antakiya aka kashe shi.

Mene ne abin tashin hankali a gidan motsa jiki?

A wurin Girkawa wannan gida ya wuce filin guje-guje. Makaranta ce, majalisa ce, kuma ta nan ake shiga sahun manyan gari. Wanda bai bi ta cikinsa ba, baƙauye ne a idonsu. Wasannin kuma suna ƙarƙashin sunan gumaka, sannan tsirara ake yin su.

Ka kwatanta abin a zuciyarka. An gina shi dab da Haikali. Samarin manyan gidaje suna yawo da hular Girkawa mai faɗin baki. Ana buga ƙararrawar jifan faifai, sai firistoci su bar hadaya a kan bagadi su ruga kallo. Kuma tunda tsirara ake, kowa na ganin mai kaciya, har wasu suka nemi a yi musu aiki a ɓoye alamar don kada a yi musu dariya. Ga mutumin ƙauye da ya kawo ɗan ragonsa hadaya ya tarar da wannan, ai sai ya riƙe baki. Amma a lura, har zuwa nan babu wanda aka tilasta wa barin addininsa, kuma babu wanda ya ɗauki makami.

Me ya faru a Masar da ya dagula al'amura?

Antiyokus ya kai wa Masar hari sau biyu. A kan hanyarsa ta dawowa daga na farko, a shekara ta 169, ya shiga Haikali, Menelawus na yi masa jagora, ya kwashe talanti 1,800, har da alkukin zinariya da teburin gurasa.

Na biyu, a shekara ta 168, saura ƙiris ya ci Iskandariya sai ga jakadan Rum, wani dattijo mai suna Popiliyus Layenas, ya tare shi a wajen gari. Ba runduna a bayansa, sai 'yan rakiya. Antiyokus ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa, ya miƙa masa takardar majalisar dattawan Rum mai cewa ya fita daga Masar. Sarki ya karanta, ya ce zai yi shawara da mutanensa. Sai dattijon ya sa sandarsa ya zana da'ira a ƙasa kewaye da ƙafafun sarki, ya ce ya ba shi amsa kafin ya taka waje da ita. Sarki ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai yi abin da Rum ta ce. Sai a lokacin jakadan ya gaisa da shi. Makonni kaɗan kafin nan Rumawa suka rusa masarautar Makidoniya a Pidna, kuma Antiyokus ya zauna a cikinsu, ya san ba wasa suke ba.

A Ƙudus kuwa jita-jita ta bazu cewa sarki ya mutu. Yason ya taso da mutum dubu ya kori Menelawus zuwa kagara. Faɗan 'yan gida ne a kan kujera, amma sarkin da aka ci wa mutunci a Masar ya ɗauke shi tawaye, ya huce haushin kaza a kan dami. An yi kisa, an kama bayi. Daga baya ya turo kwamanda Apoloniyus, wanda ya jira ranar Asabar, ranar da Yahudawa ba sa aiki, ya afka musu. Aka rushe ganuwar birni, aka gina wata kagara mai suna Akra aka zuba sojojin sarki da Yahudawan da ke bayan Menelawus. Wannan kagara ta zame wa birnin ƙarfen ƙafa fiye da shekara 25.

Me da me aka haramta?

A shekara ta 167 doka ta fito: ba kaciya, ba kiyaye Asabar, ba bukukuwan addini, wanda aka kama da naɗin Attaura kisa ne. A watan Kislef, wajen Disamba, aka kafa wani abu a kan bagadin Haikali wanda littattafan Yahudawa suka kira abin ƙyama mai kawo kango, aka sa wa wurin sunan gunkin Zeyus na Olimpus. Aka riƙa yanka alade, ana tilasta wa mutane su ci.

An ba da labarin mata biyu da suka yi wa jariransu kaciya, aka rataya musu jariran a ƙirji, aka zagaya gari da su, aka wurgo su daga kan ganuwa. Akwai dattijo Ele'azara, mai shekara 90, wanda masu tsaronsa suka tausaya masa suka ce ya kawo naman halal ya ci a gaban jama'a kamar aladen ne. Ya ce da tsufansa ba zai koya wa matasa wannan ba, ya tafi wurin azaba da ƙafarsa. Sai kuma uwar da aka kashe 'ya'yanta bakwai a gabanta rana ɗaya.

Me ya sa ya yi haka? Mahaukaci ne?

Nan ne masana suka fi wahala, domin abin baƙo ne a duniyar wancan lokaci. Masu bautar gumaka ba su saba hana wani addininsa ba. In sun ci gari sukan ƙara gunkin garin a kan nasu ne kawai.

Laƙabinsa Epifanes, wato allahn da ya bayyana. Mutane suka murɗa shi suka ce Epimanes, wato taɓaɓɓe. Marubuci Polibiyus, wanda ya yi zamani da shi, ya ce yakan sulale daga fada a same shi a rumfar maƙeran zinariya yana hira, ko a gidan wankan talakawa. Amma taɓaɓɓe ba ya kusan cin Masar. Wasu sun ce so yake ya haɗa kan daular da al'ada ɗaya, sai dai Yahudawan Babila da na Antakiya, waɗanda su ma talakawansa ne, ba a taɓa su ba. Masanin tarihi Elias Bickerman ya kawo wata fahimta a 1937, cewa Menelawus da mutanensa ne suka kitsa dokar, sarki ya sa hannu. Wasu kuma sun ce tawaye ne ya riga dokar, sarki ya ga cewa masu riƙo da Attaura su ne ƙashin bayan masu adawa da mutuminsa, sai ya soke takardar izinin da ubansa ya bayar a matsayin horo.

Ni dai na fi karkata ga haɗa na biyun ƙarshe. Sarki a Antakiya bai san bambancin kaciya da Asabar ba sai an faɗa masa. Wanda ya san inda zai yi zafi, ɗan gida ne.

Ta yaya tawayen ya fara?

A wani ƙaramin gari mai suna Modi'in, arewa maso yamma da Ƙudus. Jami'in sarki ya zo ya kafa bagadi, ya kira wani dattijon firist, Mattatiya, ya ce ya fara yin hadaya tunda shi ne babba a garin, za a sa shi cikin abokan sarki. Ya ƙi. Wani Bayahude ya fito zai yi, Mattatiya ya kashe shi nan take, ya kashe jami'in, ya rushe bagadin, ya gudu cikin duwatsu da 'ya'yansa biyar: Yohanna, Siman, Yahuda, Ele'azara da Yonatan. A lura da wanda ya fara faɗuwa, Bayahude ne.

Tun da wuri suka fuskanci wata matsalar fiƙihu. Wasu masu tsoron Allah kimanin dubu sun ɓuya a koguna, sojoji suka zo musu ranar Asabar, suka ƙi ko jifa da dutse, aka kashe su duka har da mata da yara. Mattatiya da mutanensa suka yanke cewa duk wanda ya kawo musu hari ranar Asabar za su kare kansu, in ba haka ba za a ƙarar da su.

Mattatiya ya rasu a 166, Yahuda ya karɓi jagora. Laƙabinsa Makabi, wanda aka fi fassarawa da guduma, shi ya zame wa gidan suna.

Ta yaya 'yan ƙauye suka ci rundunar daula?

Sun san duwatsunsu, kuma rundunar Girkawa mai dogayen masu a fili take da ƙarfi, a ƙwazazzabo sai ta zama kaya. Yahuda ya kashe Apoloniyus ya ɗauki takobinsa, da shi ya yi yaƙi har ƙarshen ransa. Ya yi wa wani kwamanda Seron kwanton ɓauna a hawan Bet-Horon. A Emmawus, a 165, 'yan kasuwar bayi sun biyo rundunar sarki da sarƙoƙi da kuɗi, an ma yi musu farashin bayi 90 a kan talanti ɗaya. Kwamanda Gorgiyas ya ɗebi soja 6,000 da dare ya tafi kama Yahuda a sansaninsa, ya tarar wayam. Shi kuwa Yahuda ya zagaya da mutum 3,000 ya faɗa wa babban sansanin da asuba. Gorgiyas ya dawo a gajiye ya hango hayaƙi.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba su taɓa karawa da cikakken ƙarfin daular a waɗannan shekaru ba. Antiyokus ya ɗebi rabin soja ya yi gabas neman kuɗi da gyara iyaka, ya bar wazirinsa Lisiyas da sauran. Can ya mutu da ciwo a ƙarshen 164, a ƙasar Farisa.

Mene ne bikin Hanukka, kuma labarin man fitila gaskiya ne?

A watan Kislef na 164 Yahuda ya shiga Haikali ya tarar ciyawa ta cika farfajiya, ƙofofi a ƙone. Suka rushe bagadin da aka ƙazantar, amma suka rasa yadda za su yi da duwatsunsa, tunda a da masu tsarki ne, sai suka tara su gefe har wani annabi ya zo ya faɗi hukuncinsu. Ranar 25 ga wata, shekara uku cif da ranar da aka fara yankan gumaka, aka dawo da hadaya. Aka yi biki kwana takwas. Hanukka na nufin keɓewa. Linjilar Yohanna sura ta 10 ta ambaci Annabi Isa (AS) a Haikali lokacin wannan idi.

Labarin ɗan tulun mai da ya isa kwana ɗaya amma ya ci kwana takwas babu shi a littattafan Makabiyawa. A Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya bayyana, ɗaruruwan shekaru daga baya. Dalilin kwana takwas ɗin da Littafin Makabiyawa na Biyu ya bayar shi ne sun rama Idin Bukkoki ne, mai kwana takwas, wanda ya wuce su suna cikin duwatsu.

Ke nan yaƙi ya ƙare?

Ina! A 162 Lisiyas ya dawo da ƙaramin sarki Antiyokus na Biyar, yaron da ya hau sarauta yana ɗan kimanin shekara tara, da giwaye 32. A Bet-Zakariya, Ele'azara ƙanin Yahuda ya hango wata giwa da ta fi sauran tsayi, sanye da kayan sarauta, ya zaci sarki na kanta. Ya kutsa cikin sahu yana sara dama da hagu, ya shige ƙarƙashinta ya soka mata mashi a ciki. Ta faɗo a kansa. Sarkin ba ya kai. Yahudawa suka ja da baya, aka yi musu ƙawanya a Haikali, ga shi shekarar hutun gona ce, ba abinci. Abin da ya cece su labari ne da ya iso wa Lisiyas cewa wani abokin hamayya na shirin ƙwace Antakiya. Ya yi sulhu a gurguje, aka tabbatar da soke dokar hana addini. Menelawus kuwa aka ɗora masa laifin komai, aka jefa shi cikin hasumiyar toka a birnin da yau ake kira Halab.

Nan hanya ta rabu. Masu ibada da yawa suka ce buƙata ta biya, suka karɓi sabon babban firist Alkimus, wanda bai daɗe ba ya kashe 60 daga cikinsu. Yahuda ya ci gaba da yaƙi, yanzu kuma na mulki. Ya kashe kwamanda Nikanor a 161, ya ƙulla ƙawance da Rum, amma ko soja ɗaya ba su aiko ba. A 160 aka kashe shi a Elasa, mutum 800 kacal suka rage tare da shi.

To ta yaya suka samu 'yanci?

Da siyasa fiye da takobi. Gidan Salukas ya shiga cin kansa, masu neman sarauta biyu-biyu, kowa na neman soja. Yonatan ya gane kasuwar. A 152 wani mai da'awar sarauta, Iskandar Balas, ya aiko masa da alkyabbar shunayya da kambin zinariya ya naɗa shi babban firist. Wato ƙanin Yahuda Makabi ma daga hannun sarkin Girkawa ya karɓi rawanin. Har ta kai ya aika soja 3,000 Antakiya su ceci sarki Dimitiriyus na Biyu daga mutanen birninsa. Ƙarshe wani Tirifon ya yaudari Yonatan ya kama shi a Akka, daga baya ya kashe shi.

Siman ɗan Mattatiya, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'yan'uwan, ya samu yafiyar haraji a 142, ya kori sojojin Akra da yunwa a 141. Surukinsa ne ya kashe shi a wurin liyafa kusa da Yariko. Daga nan Antiyokus na Bakwai ya zo ya yi wa Ƙudus ƙawanya, amma da Idin Bukkoki ya zo ya tsagaita wuta, har ya aika da bijimai masu ƙahon da aka shafa wa zinariya don hadaya. Kuɗi da garkuwa ya karɓa ya tafi. Mutuwarsa a hannun Fartiyawa, masu mulkin ƙasar Farisa a lokacin, a 129 ce ta sakar wa Yahudiya mara.

Da suka hau mulki, sun kori al'adun Girkawa?

Ko kusa. Zuriyar Mattatiya sun ɗauki sunaye irin su Aristobulus da Iskandar, sun buga kuɗi da rubutun Girkanci, sun ɗauki sojojin haya baƙi. Yohanna Hirkanus, ɗan Siman, ya ci ƙasar Idumiya ya tilasta wa mutanenta kaciya, ya kuma rushe wurin bautar Samariyawa a Dutsen Gerizim. Ɗansa Iskandar Yannayus, sarki kuma babban firist, jama'arsa suka jefe shi da lemon idi a cikin Haikali, rikici ya kai ga yaƙin basasa, har abokan adawarsa Yahudawa suka gayyato sarkin gidan Salukas, Dimitiriyus na Uku, ya taya su. Da Yannayus ya samu galaba ya gicciye 800 daga cikinsu. A 63 'ya'yansa biyu suka kai ƙarar juna wurin janar ɗin Rum, Pompey, wanda bai daɗe da shafe ragowar daular Salukas ba. Ya zo sasanci, ya ci birnin.

Wannan yana da alaƙa da rikicin Falasɗinu na yau?

Wuraren ɗaya ne, shi ya sa sunaye kamar Gaza da Rafah da Akka ke fitowa. Amma abin ya faru kusan shekara 800 kafin aiko Annabi Muhammad (SAW), kuma ɗaya ɓangaren Girkawa ne masu bautar gumaka.

Daga ina aka san duk wannan, kuma akwai abin da ya rage a ƙasa?

Mafi yawa daga littattafan Makabiyawa biyu ne. Na farko an rubuta shi da Ibrananci don ɗaukaka gidan Mattatiya, fassarar Girkanci ce ta tsira. Na biyu taƙaitawa ce ta wani aiki mai juzu'i biyar na Yason mutumin Kirene, a Libiya ta yau. Suna cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da Otodoks, babu su a na Furotesta, kuma abin mamaki babu su a na Yahudawan kansu. Littafin Daniyel sura ta 11, mai maganar sarkin arewa da sarkin kudu, yaƙoƙin gidajen nan biyu yake bi. Sai Yusufus da Polibiyus. Bakin masu nasara muke ji, Menelawus da mutanensa ba su bar mana ko layi ɗaya ba, kuma adadin sojojin da ake ambata yana buƙatar a rage masa gishiri.

A ƙasa kuwa, akwai wani allon dutse mai ɗauke da wasiƙar Salukas na Huɗu zuwa ga Heliyodorus, ta shekara ta 178, inda sarki ke naɗa jami'in da zai sa ido a kan gidajen bautar yankin. An samu gutsattsarinsa a Maresha. Sannan a 2015 masu tonon tarihi suka sanar da gano wani katafaren bango da hasumiya a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci kudu da tsohon birnin Ƙudus, suka ce Akra ce, ko da yake wasu masana ba su gamsu ba. A gindin bangon an tsinci harsasan majajjawa na dalma, da kawunan kibau na tagulla, da kuɗin Antiyokus na Huɗu zuwa na Bakwai, da tulunan giya da aka shigo da su daga yankin tekun Girka.